Akwatin Baba Fasto da takardar da coci za ta rubuta

Ranar wata Lahadi bayan an tashi sujadar Hausa, ina zaune ƙofar gida nan Katsina ina jiran rana ta ɗan yi sanyi, sai ga ɗan yayata ya zo ya durƙusa yana gaishe ni, gaisuwa ta ƙi ƙarewa, ya tambayi gida ya tambayi aiki ya sake komawa kan gida, nan na gane da magana a bakinshi. Na ce mashi kai faɗi abin da ke tafe da kai. Ya sunkuyar da kai ya ce, Kawu ni fa Ubangiji na kira na, makarantar tauhidi nake so in tafi, kuma an ce sai coci ta rubuta mani takarda.

Yaron nan ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, uwarshi ta sha sayar da tumakinta don kuɗin makarantarshi tana jiran ranar da zai fara ɗaukar albashi. Da labari ya kai mata can ƙauye wajen Kafur kwana ta yi tana kuka. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, mijinta ya daɗe yana riƙe da ma'ajin cocinsu, ta san abin da ke cikin kwanon baiko in an juye shi, ta san abin da faston ƙauye ke komawa gida da shi a ƙarshen wata.

Amma tambayar da ya yi mani a ranar ita ta sa nake wannan rubutun. Ya ce Kawu, in dai Allah ne ya kira mutum tau mene ne na takardar coci, kuma mene ne na zaman aji shekara da shekaru, manzanni wace seminari suka je? Na ce mashi tambayar nan ta girme ka ta girme ni, Baftis sun fi shekara 300 suna jayayya a kanta.

Na san da yawa cikin masu karanta ni Musulmi ne, abokan makaranta da na kasuwa, bari in ɗan yi shimfiɗa. Mu Baftis ba mu da bishop da zai zauna ofis ya ce wane je can wane dawo nan. Ikkilisiya ita ke kiran fastonta da kanta, a taron membobi, da ɗaga hannu, kuma ita ke sallamar shi in abin ya ƙi. Konbenshan ɗinmu da ke da hedikwata a Ibadan yana haɗa kanmu, yana riƙe makarantu da aikin bishara, amma ba ya ɗora wa coci fasto. Shi ya sa makaranta ba ta ɗaukar mutum don kawai ya ce ya ji kira, sai mutanen da suka san cinshi da shanshi da fushinshi sun ce e, mu ma mun ga alama.

Asalin abin a 1609 ne, wasu mutanen Ingila da suka gudu zuwa Amsterdam saboda tsanani, John Smyth da Thomas Helwys, suka tsaya kan cewa baftisma ta wanda ya ba da gaskiya da bakinshi ce, ba ta jariri ba. Helwys ya koma Ingila a 1612 ya rubuta cewa sarki ba shi da hurumi tsakanin mutum da Allahnshi, kuma abin da ke burge ni har gobe, bai ce Kirista kaɗai ba, ya ambaci Yahudawa ya ambaci Musulmi, ya ce kowa a bar shi da addininshi. Kurkuku aka jefa shi, can ya mutu. Baftis ɗin da suka biyo bayansu an rufe masu ƙofar jami'o'in Oxford da Cambridge, tun da ba 'yan cocin sarki ba ne, don haka da yawa cikin fastocinsu na farko masaƙa ne da maɗinka da 'yan tireda, da rana sana'a da dare wa'azi. A 1679 wani mutumin Bristol, Edward Terrill, ya ware dukiya don a riƙe faston da ya iya Helenanci da Ibrananci, harsunan asali na Littafi Mai Tsarki, ya riƙa koyar da samari, daga nan kwalejin Baftis ta Bristol ta samo tushe, ita ce mafi tsufa cikin kwalejojin Baftis a duniya. William Carey da ya tafi Indiya a 1793 mai ɗinkin takalma ne, shi da abokan aikinshi suka kafa kwalejin Serampore a 1818. Spurgeon na Landan kau, duk sunan da ya yi a wa'azi bai taɓa zama ajin tauhidi ba, amma shi ya buɗe makarantar fastoci a 1856 da ɗalibi ɗaya tak, kuma sharaɗinshi sai mutum ya riga ya yi kamar shekara 2 yana wa'azi kafin a karɓe shi. Watau makaranta ba ta ƙera mai wa'azi, wasa wuƙa take yi, sai da wuƙar a hannu.

Inda na fi daɗewa da yaron shi ne kan wani mutum James Boyce, don in ka bi saiwar makarantunmu na Najeriya wurinshi za ta kai ka. A 1856 ya tsaya a jami'ar Furman a Amurka ya ce abu 3 yake so a sauya a yadda ake horar da fastoci. Na farko, a buɗe ƙofa ga wanda bai yi jami'a ba, manomi ne ko maƙeri, in dai coci ta shaide shi ya zo ya zauna ya yi karatu da harshen da yake ji, kar a ce sai ya iya Latin da Helenanci tukuna. Na biyu, wanda Allah ya ba kaifin kai a ba shi hanya ya yi zurfi iya zurfi, don Baftis su samu malaman kansu su daina aron na wasu. Na uku, duk wanda zai koyar sai ya sa hannu a takardar ƙa'idojin bangaskiya, don coci ta san abin da ake ɗura wa ɗiyanta. A kan haka aka buɗe seminarin Baftis ta Kudu a 1859 a garin Greenville, malamai 4 ɗalibai 26, daga baya a 1877 ta koma Louisville inda take har yau, kuma har yau malamanta na sa hannu a waccan takardar.

Ba a jima da buɗewa ba yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, makaranta ta rufe, da aka dawo a 1865 ɗalibai 7 kacal suka zo, kuɗi babu. Ajin koyon wa'azi na John Broadus, ɗaya daga cikin malaman 4, ɗalibi ɗaya ne a ciki, shi ma makaho. Broadus bai ce a bari sai an taru ba, ya zauna ya tsara darasi dalla-dalla yadda wanda ba ya gani zai riƙe da ka, kuma darussan nan su suka zama littafin koyon wa'azi da ya fito a 1870, aka yi ta amfani da shi a makarantu tsara bayan tsara. Duk lokacin da na shiga ajin makarantar Lahadi na tarar mutum 3 ne suka zo, makahon nan nake tunawa in buɗe littafi in fara.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye wa yaron ba, ban kuma ɓoye ba. Malaman nan 4 duka suna da bayi. Ita kanta ƙungiyar Baftis ta Kudu a kan rigimar bauta ta ɓalle a 1845, don 'yan'uwansu na arewacin Amurka sun ƙi yarda a aika mai bayi aikin mishan. Sai 1995 ƙungiyar ta fito ta nemi gafara, ita kuma seminarin a 2018 ta fitar da rahoto da hannunta ta faɗi abin da magabatanta suka yi. Mu nan ƙasar Hausa zancen bauta ba baƙo ba ne gare mu, mun san gidajen da har yau ake raɗa a kan asalinsu, don haka abin ya taɓa ni sosai, a ce mutum ya iya Helenanci ya iya Ibrananci yana koyar da cewa Almasihu ya mutu domin kowa, ya koma gida wani ɗan Adam na mashi noma a matsayin dukiya. Na ce wa yaron ka riƙe wannan, karatu ba ya wanke zuciya da kanshi.

Maganar sa hannu a takarda ma ba ta zo da sauƙi ba. A 1879 wani malaminsu Crawford Toy ya ajiye aiki don ra'ayinshi kan Tsohon Alkawari ya saɓa da na makaranta, ya ƙare a Harvard. Wannan na gane shi. Wanda ke ci mani rai shi ne na William Whitsitt, shugaban makarantar na 3, masanin tarihi ne, ya bincika tsofaffin takardu ya ce Baftis na Ingila sai wajen 1641 suka fara nutsar da mutum cikin ruwa gaba ɗaya. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka cocinsu ta taho a jere ba yankewa tun daga baftismar Yohanna a kogin Urdun, sai suka taso mashi, har ya sauka a 1899. Ba aƙida ya taɓa ba, tarihi ya faɗa. Tun daga nan tambayar ke nan tana yawo, wa ke da makaranta, malaman da suka yi karatu ko jama'ar da ke biyan kuɗi? Ko a 1993 da Albert Mohler ya karɓi shugabancin wurin yana ɗan shekara 33, a kan wannan tambayar aka sake gwabzawa, malamai da yawa suka bar aiki. Ni dai inda na tsaya, coci na da haƙƙin ta tsare bangaskiyarta, amma shugaban da zai kori malami don ya faɗi gaskiyar da ba ta yi wa masu kuɗi daɗi ba ya cuci ɗalibai.

Tau mu dawo gida. Thomas Bowen ya sauka Badagiri a 1850, shi ne ɗan mishan na Baftis na farko a ƙasar nan, kuma ba bakin teku ya nufa ba, cikin ƙasa yake hari. A 1855 ya kai Ogbomosho, ya je Ilori yana neman a bar shi ya zauna ba a yarda ba, sai ya dawo. Ina yawan tunanin wannan, iyakar da aka ja mashi a Ilori ita ta sa Ogbomosho ta zama cibiya, da Yarbanci aka raini Baftis a Najeriya ba da Hausa ba. Bowen ɗin ma ya zauna ya rubuta nahawu da ƙamus na Yarbanci, aka buga a 1858.

A 1888 aka yi rigimar da ya kamata duk ɗan Baftis ya sani. A Legas, faston ƙasa Moses Ladejo Stone ya samu saɓani da Baturen mishan W. J. David a kan albashi, Bature ya raba shi da aiki bai tuntuɓi ikkilisiya ba, jama'a suka ce ai ku kuka koya mana cewa coci ke da fastonta, yaya za ka yanke kai kaɗai? Mafi yawansu suka tashi suka kafa cocin kansu. Cikinsu akwai wanda daga baya ya yar da sunan Turawa David Vincent ya koma Mojola Agbebi, ya koma sa tufafin gida, kuma shi aka zaɓa shugaba a 1914 da aka haɗa kan cocin a Ibadan, ƙungiyar da ta zama Konbenshan na Najeriya a 1919. Shekara 10 bayan waccan rigimar, ranar 3 ga Mayu 1898, Charles Smith ya buɗe ɗan ajin horar da masu wa'azi a Ogbomosho, daidai lokacin da ake ta ƙurar Whitsitt can Amurka. Ajin nan ya yi ɗan yawo har Shaki ya dawo, ya girma, a 1948 aka ƙulla shi da seminarin Louisville, shekarar da aka buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan ke nan, a 1950 ya yaye masu digiri na farko.

Ga inda lissafi ke sa ni shiru. An buɗe a 1898, amma ɗan ƙasa bai zauna kujerar shugabancin makarantar ba sai 1979, lokacin da Osadolor Imasogie mutumin ƙasar Binin ya karɓa. Shekara 81. Najeriya ta yi shekara 19 da samun 'yanci. Shi kanshi Konbenshan sai 1964 ya samu babban sakatare ɗan ƙasa, J. T. Ayorinde. Ba ina zagin Turawan ba ne, wasunsu nan suka binne ɗiyansu, wasu nan aka binne su, irin su J. C. Pool sun ƙarar da ƙuruciyarsu a makarantar. Amma wanda ya raini yaro yakan daɗe bai yarda yaron ya girma ba. Imasogie da ya hau, abin da ya fi damun shi a rubuce-rubucenshi shi ne Kiristan Afirka na zuwa coci da safe, in ciwo ko tsoro ya zo da dare sai ya koma wurin boka, don tauhidin da aka kawo mashi bai taɓa amsa tambayoyin da ke hana shi barci ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake bori kamar yadda kakannina suka yi ya san mutumin nan gaskiya ya faɗa. Bayan shi Yusufu Obaje ya karɓa a 1993, wanda da yawa suka fi sani da limamin cocin fadar shugaban ƙasa zamanin Obasanjo.

Mu Arewa ta wata hanya abin ya zo mana. Turawan mulki sun hana 'yan mishan sakewa a ƙasashen sarakuna, don haka ba Bature ya kawo Baftis nan ba, fatake ne Yarbawa, musamman mutanen Ogbomosho, da ma'aikatan reluwe bayan dogo ya kai Kano a 1911. Inda suka sauke kaya nan suke fara addu'a a ɗakin wani, Zariya, Kaduna, Jos, Kano, Funtuwa, da Yarbanci. Shi ya sa har na girma ana ce wa cocinmu cocin Yarbawa. Danginmu na ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Matazu akasari ta hannun 'yan mishan na SIM suka ji bishara, masu aikin kutare a Babbar Ruga, shi ya sa ECWA, cocin da ta fito daga aikinsu, ta fi yawa nesa ba kusa ba, mu Baftis Hausawa 'yan kaɗan ne. Da aka ga ba yadda za a yi manomin Arewa ya tafi Ogbomosho ya yi karatu da Turanci, sai aka buɗe makarantar fastoci a Kawo, Kaduna, ana koyarwa da Hausa. Ita ce yau ta zama seminari mai ba da digiri. In ka duba da kyau, ƙofar nan ta farko ta Boyce ce aka buɗe mana.

Ta wannan ƙofar Baba Fasto ya shiga. Shi ya yi mani baftisma a wani gulbi ina saurayi, yanzu ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, yana zaune wurin ɗanshi nan cikin gari. Na ɗauki yaron a babur muka je gaishe shi. Da ya ji abin da ya kawo mu bai ce komai ba, ya ce a jawo mashi akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafan rubutu ne a ciki guda 11, bangonsu ya yi laushi, gara ta ci gefen wasu, duk da Hausa, da rubutun hannunshi. Darasin Romawa aya aya. Yadda ake binne mamaci. Yadda ake sulhunta mata da miji. Abin da za ka ce wa mutumin da ya tuba yana da mata 3. Abin da za ka yi in sabon mai bi ya kawo maka layu da guraye ya ce yana tsoron ƙona su. Ya ce aji 4 na firamare kaɗai ya yi kafin ya tafi, da matarshi suka tafi, can Mama ta koyi karatu, ta dawo ta koya wa matan zumunta na ƙauyuka ban san adadinsu ba.

Ya kama hannun yaron ya ce, ɗana, ka fi ni boko nesa, ka je ka karanto abin da ban samu ba, Helenancin nan ka sha shi har ka ƙoshi. Amma ranar da ka dawo, in tsohuwar da ke zama bayan coci ba ta gane wa'azinka ba, tau ba ka gama makaranta ba.

Maganar nan ta fama mani wani tsohon miki. Shekarun baya an yi mana rasuwa a ƙauye, aka gayyato wani matashin fasto mai takardu ya yi wa'azin jana'iza. Bahaushe ne kamar ni, amma da Turanci ya yi, wani na juyawa, yana ta jefo kalmomin Helenanci, mai fassara na ta laluben abin da zai ce. Ga gawa a gabanmu, ga maƙwabta Musulmi sun cika wurin sun zo taya mu, irin ranar da mutane ke buɗe kunne da gaske. Da muka dawo gida innata, wadda ɗanta ne aka binne, ta jawo ni gefe ta ce, me ya ce game da yarona? Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ba mugu ba ne yaron, abin da aka saba mashi ke nan, duk littafin da ya karanta da Turanci ne, duk jarrabawar da ya ci da Turanci ce, bai taɓa zama ya yi tunanin tashin matattu da harshen uwarshi ba.

Kuma abin kunyar a Katsina muke, garin da karatu ya daɗe da zama, garin Gobarau, garin Wali Ɗan Marna da Ɗan Masani. Maƙwabcina malamin zaure ne, mun fi shekara 15 katanga ɗaya. Kullum bayan asuba ina jin su, ɗalibi ya jawo baƙi da Larabci malam na bi yana warwarewa da Hausa kalma kalma, mai faci da mai shayi da lakcara duk tabarma ɗaya, kowa da littafin da ya kai. In azumi ya zo haka ake tafsiri, mai jan baƙi na ja malam na fassara, tsohuwa a cikin gida na ji ta rediyo tana ganewa. Sun riƙe harshen asali ba su sake shi ba, kuma ba su raina Hausa ba, ɗaruruwan shekaru suna sassaƙa kalmomi har Hausa ta iya ɗaukar magana mai nauyi. Kalmar tauhidi ma da muke kiran makarantunmu da ita daga wurinsu muka aro. Addininmu daban, ni da shi mun san haka kuma muna zaune lafiya, amma wannan tsarin nasu ina kallon shi ina cewa ai abin da Boyce ya nema ke nan.

Kuma tambayoyin da ake yi wa Kirista a garin nan ba da Turanci suke zuwa ba. A teburin mai shayi za a tare ka, a ce wai ku Allah 3 kuke bauta wa? Yaya Allah zai haifi ɗa? Ba an canja littafinku ba? Yaranmu a makaranta kullum sai an tambaye su. In fasto bai taɓa zama ya warware wannan da Hausa mai tsabta ba, cikin ladabi ba da faɗa ba, me zai ba yaran su riƙe? Muna da kalmomin ai, alheri, fansa, tuba, baratarwa, tsarkakewa, suna nan cikin Littafi Mai Tsarki tun fassarar 1932, amma littattafan da za su ɗauki kalmomin nan su shimfiɗa su, sharhin Romawa ko Ishaya da Bahaushe ya rubuta da Hausa tun daga tushe, sai ka sha wuya kafin ka samu ko ɗaya a kanti.

Kar wani ya ɗauka ina faɗa da digiri. Sam. Emmanuel Dahunsi, wanda ya gaji Ayorinde, har digirin dakta ya yi a Louisville kan Sabon Alkawari, kuma da ya dawo ina ya kai ilimin? Aikin fassarar Sabon Alkawari da Yarbanci. Irin wannan nake roƙa wa Hausa, wanda ya sha ta a nono kuma ya iya Helenanci da Ibrananci, ya zauna ya yi mana aiki. Abin da nake tsoro shi ne yadda sannu a hankali muka fara kallon karatun Hausa kamar na waɗanda suka kasa, coci in za ta kira fasto tambayar farko digiri nawa gare shi, wanda ya yi da Hausa a tura shi daji inda ba albashi ba makarantar yara, yanzu ga 'yan bindiga, shi ke kwana da jama'a cikin fargaba shi ke binne waɗanda aka kashe, amma in an zo taro a gari kujerar baya ake nuna mashi.

Shi ya sa nake ganin miƙa shugabanci bai ƙare a 1979 ba. Bature ya miƙa wa ɗan ƙasa, madalla. Saura a kai inda mutumin da ke tunani da Hausa zai ji makarantar tashi ce tun daga ajin farko har kujerar sama. Roƙona ga shugabanninmu, tun daga Rabaran Israel Akanji da ya karɓi riƙon Konbenshan a 2021 har shugabannin makarantu da na yankuna, a ba sashen Hausa malamai mafi ƙwarewa, ba ragowa ba. A ba malami hutu da ɗan abin hannu a ce je ka rubuto mana littafi da Hausa, a ƙirga mashi shi a matsayin aikin ilimi. A kawo kwas kusa da fastocin ƙauye da rani bayan an gama girbi, don mutumin da gona ke ciyar da shi ba zai bar ta da damina ba, kuma hanyar Birnin Gwari ba ta biyuwa yadda ake bi da. Mu membobi ma da namu laifin, muna son fasto mai ilimi amma in an ce a tara kuɗin makarantar ɗalibi sai kowa ya duƙar da kai.

An yi taron membobi makon jiya a kan takardar. Yaron ya tashi ya ba da shaidar kiranshi, ya ce Kaduna yake so ya fara, in Allah ya yarda daga baya ya wuce Ogbomosho. Dikinoni, watau masu hidimar coci, suka yi mashi tambayoyi, sai wata tsohuwa cikin zumuntar mata ta ɗaga hannu ta ce ita tambayarta ɗaya ce, ɗan nan in ka gama za ka dawo mana ko Abuja za ta ɗauke ka? Ya yi shiru ya daɗe, ya ce Mama ba zan yi maki alkawarin abin da ban sani ba, amma niyyata in dawo, ku yi mani addu'a kar in canja. Aka ɗaga hannu, ba wanda ya ƙi. Sakatare ya rubuta takarda, aka kuma yarda coci za ta ɗauki rabin kuɗin shekarar farko, sauran ni da wasu 'yan'uwa za mu ji da shi. Uwarshi ba ta zo ba, amma ta aiko da yaji da ƙuli-ƙuli da saƙo cewa ba ta hana shi ba.

Baba Fasto ya ba mu aron akwatin. Kafin yaron ya tafi kullum da yamma muna zama, yana karantowa ina bugawa a kwamfuta, inda gara ta ci sai mu hau babur mu je mu tambayi Baba, shi kau ya lumshe ido ya kawo layin da ka. Mun gama littafi 3 saura 8. In akwai mai irin wannan akwatin a gida, na baba ko na kaka, Baftis ne ko ECWA ko wace coci, don Allah kar a bari ruwan damina ya same shi, a ɗauki hoton shafukan ko da waya ne a ajiye. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga na 4, shi ne na jana'iza.